Idan magani ya ci fatar dabba: hanyoyi huɗu da yadda ake gane kowace



Darasinmu na wannan karon ya samo asali ne daga abin da na gani a bakin wata rijiya arewa da Belbeji, a ƙarshen bazara. Wani dattijo ya jawo mini raguna uku da yake shirin kaiwa kasuwa kafin Layya. Kowanne da kumburi a wuya, ya fi ƙwallon goriba girma. Na ɗaya ya riga ya fashe, mugunya na zuba, ƙudaje sun yanyame shi. Dattijon ya ce mini: "Malam, maganin nan zafi gare shi, jinin bisashena bai karɓe shi ba."

Na ce ya nuna mini kwalbar. Oksitetrasiklin ce mai daɗewa a jiki, mai kyau, kwananta bai ƙare ba. Da na bi diddigi, sai na gano kowane rago ya samu 10 ml a wuri guda, ƙarƙashin fata, da allura ɗaya da yake aiki da ita tun lokacin sanyi. Jinin ragunan ba shi da laifi. Sun warke daga baya, amma Layya ta wuce ba a sayar da su ba.

Idan fatar dabba ta lalace bayan magani, mukan ce magani ya ƙi ta, mu yi shiru. Alhali hanyoyin da magani ke bi ya ɓata fata guda huɗu ne, kuma kowace da abin da ya kamata a yi mata. Wanda ya rikita su yakan ƙara wa dabba ciwo, ko ya jefar da magani mai kyau, ko ya gudu daga lamba.

Tambayoyi uku kafin komai

Kafin ka kira malamin dabbobi, tanadi amsar waɗannan:

1. Yaushe abin ya fara? Minti nawa, awa nawa ko kwana nawa bayan maganin?
2. Ina ya fito? Daidai wurin allura, ko inda aka shafa magani, ko duk jiki, ko wuraren farin gashi kaɗai?
3. Dabba nawa ya kama? Ɗaya tak, ko yawancin waɗanda aka yi wa magani? Akwai wadda ba a taɓa ba amma ita ma ta kamu?

Tambaya ta uku ta fi sauran nauyi. Idan dabba ɗaya ce cikin hamsin, yawanci jikinta ne ya ƙi maganin. Idan da yawa ne, a tuhumi kwalbar, ko hannun mai allura, ko makiyaya. Idan har waɗanda ba su samu magani ba sun kamu, to cuta ce ke yawo a garke, kamar kirci da ke tashi da damina, ko ƙazuwa, ko ciwon ƙurajen fata na shanu. Maganin tarar da ita kawai ya yi.

Hanya ta farko: jiki ya ƙi magani

Jikin dabba yana da dakarun da ke yaƙar cuta. Wani lokaci sukan ɗauki magani a matsayin abokin gaba. Karon farko sukan shaida shi kawai, ba a ganin komai. Karo na biyu ko na uku ne suke tashi gaba ɗaya. Shi ya sa "ai na taɓa yi mata shi bara, lafiya lau" ba hujja ba ce.

Wannan yana zuwa da sauri, daga ƴan mintoci zuwa ƴan awoyi. Za ka ga borin jini: fata ta yi tudu-tudu a wuya da haƙarƙari, gashi ya miƙe a kansu. Fatar ido, leɓe, kunne, hantsa da matuci su kumbura. Dabba ta riƙa soshe-soshe, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Idan ya tsananta sai numfashi ya yi wuya, yawu na dalala, jiki na rawa, ta faɗi. A nan mutuwa na iya zuwa cikin ƙasa da awa guda.

Penisilin, da wanda aka haɗa shi da istireftomisin, su ne suka fi yin haka. Magungunan sulfa, oksitetrasiklin, allurar bitamin da wasu alluran rigakafi ma suna yi. Yawan maganin ba shi ne ke kawo shi ba; kaɗan ma ya isa.

Abin yi: kada ka saki dabba ta bi garke da zarar ka zare allura. Tsare ta minti 30 kana kallonta. Idan borin jini ne kaɗai, tana numfashi daidai, kai ta inuwa, ka dakatar da maganin, yawanci yakan kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan numfashi ya canza, adirenalin ne ke ceton rai, kuma wannan aikin malamin dabbobi ne. Wasu kan ruga su yi dekzametazon da kansu. A yi hattara, yana sa saniya, tunkiya ko akuya mai tsohon ciki ta yi ɓari. Bayan ta warke, yi mata alama, ka riƙe sunan maganin. Ita da shi har abada. Idan za ka sayar da ita ga mai kiwo, faɗa masa.

Hanya ta biyu: allura ta ƙona nama

Wannan ita ce ta ragunan dattijon, kuma ita na fi gani. Kumburin yana nan daidai inda allura ta shiga, ya fara bayan kwana ɗaya zuwa uku, da zafi da tauri. Ko ya bushe ya bar dunƙule, ko ya nuna ya zama maruru, ko fatar wurin ta mutu ta yi baƙi ta ɓare. Abubuwa huɗu ke kawo shi.

Na ɗaya, kuskuren hanya. Kowane magani da ƙofarsa. Oksitetrasiklin mai daɗewa da Samorin ko Trypamidium na sammore, cikin tsoka ake yinsu, can ciki. Idan suka tsaya ƙarƙashin fata sukan ci wurin. Ibamektin kuwa, irin su Ivomec, ƙarƙashin fata ake yinsa. Fenilbutazon da ake yi wa doki don ciwon gaɓoɓi, idan ya kuskure jijiya ya zuba gefenta, yakan ruɓar da nama.

Na biyu, tara magani wuri guda. Ma'aunin oksitetrasiklin mai kashi 20 cikin 100 shi ne 1 ml ga kowane kilo 10. Rago mai kilo 40 yana buƙatar 4 ml. Ga tumaki da awaki kada a wuce 5 ml a wuri ɗaya. Ga shanu takardun kamfanoni sukan ce 10 ml ko 20 ml. Abin da ya haura sai a raba gida biyu, dama da hagu. Ibamektin mai kashi 1 cikin 100 kuwa 1 ml ne ga kilo 50. Akuya mai kilo 25 rabin ml ya ishe ta. Ƙari ba ya gaggauta warkewa.

Na uku, allura mai datti ko dakusasshiya. Tana tura ƙasa, gashi da ƙwayoyin cuta cikin tsoka. Mafi muni shi ne kumburin da ke yaɗuwa da sauri, idan ka danna ka ji yana ƙara kamar akwai iska a ciki, irin na harbin daji. Wannan yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. A tafasa allura da sirinji minti 15, a sauya allura bayan kowace dabba 10, kuma wadda ta shiga marar lafiya kada ta shiga mai lafiya. Kada a yi allura a jiƙaƙƙiyar fata ko mai kashi.

Na huɗu, lalataccen magani ko jabu. Yawancin kwalabe an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Kwalbar da ta wuni a kan tabarma ranar kasuwa cikin watan Afirilu ta sha zafin da ya haura digiri 40, mako bayan mako. Oksitetrasiklin da ya koma baƙi-baƙi, maganin da ya yi gudaji, kwalba marar kwanan ƙarewa ko lambar izinin sayarwa, duk a bar su. Araha ba ta ado. Haka kuma garin Veriben ko Samorin da aka dama da ruwan rijiya ba a tafasa ba, ko aka haɗa magani biyu a sirinji ɗaya don rage wahala.

Masu raƙuma su ƙara riƙe wannan: Berenil da Veriben da ke yi wa shanu aiki guba ne ga raƙumi, suna taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda har su kashe. Sammoren raƙumi yana da nasa magani, kamar Cymelarsan. A tambayi malami.

Kumburin lambar ciwon huhu

Wannan yana cikin hanya ta biyu, amma ya cancanci bayani daban, domin shi ne ke sa wasu ɓoye shanu idan ƴan lamba sun zo. Kowace shekara gwamnati na yin lamba kyauta ta ciwon huhun shanu, da ta PPR ga tumaki da awaki, da ta raƙuma. Ma'aikatar LABOCEL da ke Yamai ce ke haɗa alluran rigakafin dabbobi a ƙasarmu.

Allurar ciwon huhu tana ɗauke da ƙwayar cutar da ranta, an dai raunana ta. Ɗan kumburi a wurin lamba ba abin damuwa ba ne. Amma a ƴan tsirarun shanu, musamman waɗanda karonsu na farko ke nan, bayan mako biyu zuwa uku kumburin yakan yi tauri da zafi, ya riƙa cin gaba zuwa kafaɗa da ƙirji. Likitoci na kiransa kumburin Willems, sunan wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Louis Willems, wanda a 1852 ya bayyana yadda yake yi wa shanu rigakafi da ruwan huhun saniyar da ta kamu. Ya lura idan aka sa shi a gangar jiki kumburi na iya kashe saniya, shi ya sa ya koma bakin wutsiya. Kakannin Fulani ma sun san wannan tun kafin zuwan Turawa: a kan karan hanci suke tsagawa su sa ɗan yankin huhu, inda nama ba shi da yawa.

Abin lura shi ne kumburin nan yana jin magani. Idan aka gan shi da wuri, oksitetrasiklin ko tailosin na tsayar da shi. Saboda haka bayan lamba a riƙa shafa wurin duk bayan kwana biyu har mako huɗu. Wanda ya fi tafin hannu kuma yana ƙaruwa, a sanar da ƴan lamba ko ma'aikatar kiwo. Kada a tsaga, kada a yi lalas. Kuma kada a yi wa garke duka oksitetrasiklin ranar lamba wai don kariya, domin yana kashe rigakafin, ya zama an yi aikin banza. Ciwon huhu idan ya shiga garken da ba shi da lamba, asararsa ta fi ta kumburi nesa ba kusa ba.

Hanya ta uku: abin da aka shafa ko aka fesa

A nan ciwon yana bin sawun maganin: layin gadon baya inda aka zuba, ko duk inda feshi ya taɓa. Fata ta yi ja, gashi ya zube, ta tsattsage kamar ƙuna, wani lokaci da bororo. Yakan fara cikin awoyi zuwa kwana biyu, kuma yakan kama dabbobi da yawa lokaci guda.

Sanadin farko shi ne maganin kaska da ba a sirka daidai ba. Amitraz, sifametirin da deltametirin na feshi an yi su ne a zuba kaɗan cikin ruwa mai yawa. Wanda ya auna da ido yakan ninka. Sai kuma rikita na feshi da na zubawa a baya. Kwalaben sun yi kama, amma ba a sirka na baya, ba a kuma zuba na feshi tsagwaronsa. Amitraz, wanda ake sayarwa da suna Taktic, ba a sa wa doki da jaki sam, yana tsayar musu da hanji.

Sanadi na biyu shi ne abin da ba maganin dabba ba ne tun asali: maganin feshin gona, piya-piya, kananzir, gazuwal da baƙin man mota da ake shafa wa raƙumi mai ƙazuwa. Fatar mai ƙazuwa ta riga ta tsage, don haka guba na ratsawa kai tsaye zuwa jini. Idan ka ga yawu, zawo, rawar jiki da ƙanƙancewar ƙwayar ido tare da ƙunar fata, guba ta shiga jiki, a nemi malami nan take.

Abin yi: wanke dabba da ruwa mai yawa da sabulu, a inuwa, hannunka cikin leda. Kada ka shafa mai a kai, yana ƙara shigar da maganin. Feshi kuma a yi shi da sassafe ko da yamma, bayan dabbobi sun sha ruwa, domin mai ƙishi yakan lashi jikinsa.

Hanya ta huɗu: rana da hanta

Wannan ita ce mafi rikitarwa, amma tana da shaida guda da ba ta ɓuya: wuraren farin gashi da marasa gashi kaɗai ke lalacewa. A jikin saniya mai roɗi-roɗi za ka ga farin ya kumbura ya bushe kamar ƙirgi yana ɓarewa, baƙin ko jan da ke gefensa lafiya lau, iyakar kamar an ja da wuƙa. A tumaki kunne, fatar ido, hanci da leɓe ne ke kumbura, kai ya yi nauyi. Balami, da yake fari ne fat, ya fi shan wahala. Dabbar takan gudu daga rana ta cusa kai ƙarƙashin kowace inuwa.

Ga yadda abin yake. Koren ciyawa idan ya narke a tumbi yana barin wani sinadari da hanta ke tacewa ta fitar ta matsarmama. Idan hanta ta gaza, sinadarin ya taru a jini ya kai fata. Hasken rana na taɓa shi sai ya ƙona fatar daga ciki. Baƙin gashi na tare hasken, fari ba ya tarewa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga shawara tare da shi, farin ido da dasashi sun yi rawaya.

Hanta na gazawa saboda yawan magani da maimaita shi babu ƙa'ida, ko tsutsar hanta ga garken da ya yi rani a fadamun kudu, ko dusa da ƙuli masu fumfuna, ko tsiro. Tsaida, mai ƙayar nan da ke shimfiɗe a ƙasa, an san ta da wannan, musamman idan ta tsiro da ruwan farko sannan ruwa ya ɗauke ta yi yaushi. A Afirka ta Kudu cutar da take sa wa tumaki ta yi suna ƙwarai, har suna kiranta da sunan da ke nufin kumburarren kai mai rawaya. Akwai kuma magungunan da su da kansu ke sa fata ta ƙi rana ko da hanta lafiya take, kamar fenotiyazin, tsohon maganin tsutsar ciki, da dangin tetrasiklin da na sulfa a wasu lokuta.

Farkon damina ne lokacin da muka fi ba da magani, shi ne kuma lokacin tsaida, sai laifin ya faɗa kan kwalba ko da na makiyaya ne. Abin yi: inuwa cikakkiya da rana, kiwo da dare ko a kawo busasshiyar ciyawa, a janye garke daga wurin, a dakatar da duk wani magani har malami ya duba, a kare gyambon daga ƙudaje kada ya yi tsutsa.

Mu ma fatarmu ba ta tsira ba

Ni ba likitan mutane ba ne, amma ba zan rufe darasin nan ban faɗi wannan ba, domin na sha ganin kwalbar dabba da ƙwayar mutum a jaka ɗaya. Akwai wata mummunar ƙin magani da ke kama mutum, wadda likitoci biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka bayyana a 1922, sannan Lyell ya bayyana mafi tsananinta a 1956. Takan fara kwana 4 zuwa mako 4 bayan fara sabon magani: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja, sai ƙuraje a baki da al'aura, sannan fata ta riƙa saɓulewa kamar an zuba tafasasshen ruwa. A mafi tsananin nau'in, kusan mutum 3 cikin 10 ke rasuwa.

Magungunan da aka fi sani da ita su ne na sulfa kamar Bactrim da Fansidar, na farfaɗiya kamar fenobarbital da karbamazefin, nebirafin na ƙanjamau, da alofurinol. Ba ta da yawa, kuma magungunan nan suna ceton rayuka. Amma duk wanda ya ga zazzaɓi da ƙurajen baki da jan ido bayan sabon magani, kada ya ƙara sha, ya tafi CSI mafi kusa a ranar, da kwalin maganin a hannu. Idan ta kama za su tura shi har babban asibitin Damagaram. Yaron da ya taɓa yin ƙuraje da maganin sulfa, a faɗa wa masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina kafin su ba shi. Maganin dabba kuwa, kada mutum ya sha shi ko ya yi wa kansa allurarsa, ko da sunan ɗaya ne.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

A taronku na gaba, ga abubuwa biyar da ba sa cin kuɗi mai yawa:

1. Ku ajiye littafi guda: rana, dabba, sunan magani, lambar rukunin da ke jikin kwalba, ml nawa, wane wuri, wa ya yi.
2. Ku haɗa kuɗi ku saya daga likitan dabbobi mai zaman kansa na yankinku ko mataimakansa na karkara, inda za ku iya komawa idan an samu matsala.
3. Ku mallaki igiyar awon ƙirji don ƙiyasta nauyi, da allurai masu yawa, da tukunyar tafasa su.
4. Sabuwar kwalba ko sabon maganin feshi, a gwada a dabba biyu ko uku, a jira kwana biyu kafin a yi wa garke.
5. Idan abu ya faru, kada a jefar da kwalbar. A ɗauki hoton ciwon da na kwalbar da waya, a kai ma'aikatar kiwo ta Belbeji ko Tanut. Idan rukunin ne ya lalace, rahotonku zai ceci garken maƙwabci.

Dattijon nan na bakin rijiya yanzu yana raba allurarsa gida biyu, yana kuma tafasa ta a butar shayi da ya ware don haka. Kwalbar da ya so jefarwa ita ya ƙarasa aiki da ita, ba a sake samun kumburi ba.

Wanda ke da tambaya ya kawo ta wurin taron ƙungiya ko ranar kasuwa, tare da amsar tambayoyin nan uku: yaushe, ina, dabba nawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu.